Abin da ke hana Raspberry Pi ganin dukkan babban faifan SSD

Raspberry Pi, 'yar ƙaramar kwamfutar nan mai girman katin ATM da aka fara sayarwa a Birtaniya a watan Fabrairun 2012, an san ta da tashi daga katin memori na microSD. Katin yana da araha, sai dai yana da nawa, kuma yawan rubutu da gogewa kan kashe shi. Wannan ne ya sa jama'a suka karkata ga faifan SSD.

Tun bayan sabunta manhajar da ke tayar da Raspberry Pi 4 a shekarar 2020, na'urar kan iya tashi kai tsaye daga faifan da aka jona ta kafar USB. Ita kuwa Raspberry Pi 5, wadda ta fito a Oktoban 2023, har faifan NVMe tana karɓa.

Inda gizo ke saƙar shi ne idan faifan ya haura terabait 2. Mutum zai sayi mai terabait 4, ya ɗora masa Raspberry Pi OS, kwamfuta ta tashi lafiya lau, amma ya tarar kusan rabin wurin ajiyar ya yi ɓatan dabo. Faifan ƙalau yake. Matsalar tana ga tsarin rabon faifai da manhajar ke zuwa da shi, wato MBR, wanda aka gada tun 1983. MBR ba ya iya ƙirga fiye da gurabe biliyan 4.3, kowane gurbi kuma bait 512 yake ɗauka. Jimillarsu kimanin terabait 2.2 ke nan; duk abin da ya wuce haka ba ya cikin lissafinsa.

Maganin shi ne a mayar da faifan tsarin GPT, wanda Pi 4 da Pi 5 duk suke ganewa. A nan ne da yawa ke tuntuɓe, domin sauyin yakan canja lambar shaidar kowane ɓangare na faifan, wato PARTUUID. Muddin ba a gyara lambar a cikin cmdline.txt da /etc/fstab ba, kwamfutar za ta yi ta neman faifan da ba ta sake ganewa. Ya kamata a kwafe muhimman bayanai zuwa wani wuri kafin a fara.

Sai batun wuta, wanda aka fi rainawa. Pi 5 ba ta ba kafofinta na USB fiye da miliamfa 600 sai an haɗa ta da caja mai amfa 5, sannan ta kai amfa 1.6. Da ƙaramar caja, babban faifai kan ɗauke ana tsakiyar aiki.