Ma'aurata a Kan Hanyar Gabas: Tafiya Cikin Ƙasashen da Aka Tsare



Maƙasudin wannan lacca shi ne duba halin da miji da mata sukan shiga idan suka ratsa ƙasar da hukuma ta tsare ƙofofinta, tana sa ido kan mai shiga da mai fita. Ba sai mun je nesa neman misali ba. Kakanninmu da suka bi hanyar Gabas zuwa Makka sun ɗanɗani wannan, kuma da yawa daga takardun da suka shafi tafiyarsu suna ajiye a Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke nan Kaduna, wadda ta zama hedkwatar Arewa a 1917.

Da farko bari mu dubi hanyar. Maniyyaci yakan tashi daga Kano ya bi ta Maiduguri, ya ƙetara zuwa Fort Lamy, watau Njamena ta yau, sa'an nan Abeshe, da Janaina, da Fashir, da Ubayyid inda ake samun jirgin ƙasa, har ya kai Sawakin a bakin Bahar Maliya, ya shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Kowane zango da mai mulkinsa. Faransawa sun kama Abeshe a 1909. Darfur kuwa tana hannun Sarki Ali Dinar daga 1898 zuwa 1916, shi ko bai yarda Turawa su shiga ƙasarsa ba. Bayan an ci shi da yaƙi, gwamnatin Ingila a Sudan ta kafa dokar gundumomin da aka rufe a 1922, wadda ta sa Darfur da kudancin ƙasar cikin wuraren da baƙo ba ya shiga sai da izini.

Me ya jawo wannan tsanani? Dalili na farko tsoron Mahadiyanci ne. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira da jama'arsa, suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sennar. Sa'an nan ga tawayen Satiru na 1906. Saboda haka Turawa suka riƙa kallon hanyar Gabas a matsayin hanyar da ra'ayoyin tawaye za su biyo su shigo. Abin da ya sa ke nan Palmer, Razdan na Barno, ya bi hanyar da kansa, daga baya kuma aka aiki Lethem a tsakanin 1924 da 1925 ya binciko zaman mutanenmu a Sudan da Jidda. Dalili na biyu shi ne annoba, na uku kuma talauci, domin gwamnati ba ta son ɗaukar nauyin mayar da waɗanda guzurinsu ya ƙare. Daga nan aka fito da fasfo, da ajiye kuɗin komowa, da allurar riga-kafi, da zaman killacewa a Sawakin.

To, yaya ma'aurata suka yi da wannan? A mazhabar Malikiyya mace tana iya zuwa hajjin farilla cikin amintaccen ayari, amma abin da aka saba shi ne ta bi mijinta. Tafiyar kuwa ba ta watanni ba ce, ta shekaru ce, domin talaka yana tafe yana neman guzuri. Miji ya yi ƙodago a gona, ko ɗinki, ko ya koyar da allo. Matar ta soya ƙosai, ta dama fura, ta sayar da gyaɗa. Da aka buɗe madatsar ruwa ta Sennar a 1925, gonakin audugar Jazira suka zama babban zango, inda mata da miji suke tsinkar auduga tare. A gida kulle yakan raba aikin namiji da na mace, amma hanya ta mai da su abokan neman abinci, kowa ya dogara da ɗan'uwansa.

Sai dai tafiyar mutum biyu tana da nata nauyi. Kuɗin takarda ya ninka, na jirgi ma haka. Idan ciki ya zo, ko ciwo ya kama ɗaya, dole a yada zango, ayari kuma ba ya jira. Waɗanda suka kasa biyan kuɗin hukuma sukan bi ɓarauniyar hanya, su shiga ƙananan jiragen ruwa da dare, a sauke su a gaɓar da ba ruwan sha. A nan ne haɗari mafi muni yake, domin ba a haramta bauta a Saudiyya ba sai 1962, kuma akwai mata da yaran Afirka ta Yamma da aka yaudara aka sayar a Hijaz. Idan kuwa miji ya yi gaba don neman kuɗi ya ɓace, fiƙihun Malikiyya ya ce matar ta kai ƙara, a bincika, ta jira shekara 4, sa'an nan ta yi takaba ta wata 4 da kwana 10. Ku auna wannan jira ga macen da ba ta da dangi a wurin, ba ta jin Larabci.

Sakamakon haka shi ne da yawa ba su kai Makka ba, ba su kuma komo gida ba. Zuriyarsu ce ake kira Takari ko Fallata. Masani Bawa Yamba ya nuna a littafinsa na 1995 cewa har jikokin da aka haifa a Sudan suna ɗaukar kansu matafiya ne masu jiran ranar ƙarasawa.

Jirgin sama ya taƙaita tafiyar tun daga shekarun 1950, an kafa hukumar alhazai ta ƙasa a 1975, aka sake mata tsari a 2006. Duk da haka batun takarda bai gushe ba. A Satumba 2012 hukumomin Saudiyya sun tsare ɗaruruwan mata 'yan Nijeriya a filin jirgi kan maganar muharrami, aka komo da da yawa daga cikinsu. Sai a 2021 da 2022 aka sassauta wannan sharaɗi. Tsohuwar hanyar ƙasa kuwa, yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilu 2023 ya sa ba ta biyuwa.

Daga ƙarshe, ina kira ga ma'aikatan da ke rubuta takardun matafiya su tuna cewa kuskuren suna ɗaya yana iya raba mace da mijinta a bakin iyaka. Ɗalibai kuwa, takardun nan suna kusa da ku, kuma akwai tsofaffin da suka taka hanyar da ƙafarsu. Ku je ku rubuta abin da suka gani, musamman matan, domin takardun Turawa ba su cika kulawa da bakinsu ba.