'Yar Tsana da Kwali: Wasan Yara Ranar da Fita Ta Gagara

Akwai ranakun da tsakar gida ba ta zaunuwa: ruwan Agusta ya tsuge tun safe, ko hazon hunturu ya turnuƙe gari. Yara sun cika ɗaki da ƙiriniya, sai uwa ta miƙa musu waya don ta samu sararawa. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa, a ƙa'idojin da ta fitar a 2019, ta ce kada a zaunar da ɗan ƙasa da shekara 2 gaban waya ko talabijin, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana. Ta ƙara da cewa yaro mai shekara 1 zuwa 4 na buƙatar motsa jiki na aƙalla minti 180 kullum. To, da me za a cike sauran yinin?

Kayan suna nan cikin ɗakin. Na farko 'yar tsana ce, ko ta kanti mai laushi ko ta gida. Tsohuwar safa ta isa: a cusa mata ƙyallayen da tela ya zubar, a ɗaure wuya, a ɗinka idanu da zare. Kakanninmu ma da kara da tsumma suka yi tasu, har biki ake yi mata, da lefe da rakiyar amarya. Masu ɗari-ɗari saboda addini su tuna cewa Bukhari da Muslim sun ruwaito Nana A'isha tana wasa da 'yan tsana tare da ƙawayenta, kuma da wannan ne malamai da dama suka halatta su ga yara.

Amfanin 'yar tsana, a ganina, ya wuce ɗebe kewa. Yaro yini yake ana ce masa zauna, tashi, bari. Da ya samu 'yar tsana, shi ma ya samu na ƙasa da shi. Shi zai goya ta, ya ba ta abinci, ya yi mata faɗa. Ku kasa kunne a lokacin, don muryarku za ku ji a bakinsa, da rarrashinta da tsawarta, wani lokaci har abin ya ba ku kunya.

Saboda haka wasan kwaikwayon rayuwa ya fi daɗewa a hannunsu. A kifa kwali ya zama teburin mai shago, a jera gwangwanayen madara marasa kaifi, a yanka takarda ta zama kuɗi, 'yan tsana su zama masu saye. Yaro zai ce "albarka", ya ce "ƙara dai", ya ba da canji, yana koyon lissafi bai sani ba. Gobe kwalin nan ya koma gadon asibiti, tsohon ɗankwali ya zama bandeji. Yaron da ke tsoron allura, idan ya yi wa 'yar tsanarsa da murfin biro ya rarrashe ta, sau da yawa ranar rigakafi takan zo masa da sauƙi. Ku dai kada ku ƙwace wasan. Idan ya ce ludayi jirgin sama ne, jirgin sama ne. Kuma kada a hana yara maza. Wanda ya iya goyon 'yar tsana ba zai rasa tausayin ƙaninsa ba.

In jiki na neman motsi, a dunƙule safa a riƙa jefawa cikin kwandon wanki, ana ja da baya kaɗan-kaɗan. Ko a ɓoye 'yar tsana a ce a nemo. Ko a rufa zanin gado kan kujeru biyu, rumfa ta samu.

Sai dai a kula. Ɗan ƙasa da shekara 3 komai baki yake kaiwa, don haka a nisanta shi da maɓalli, tsakiya, murfin kwalba da idon roba mai ɓallewa. Ƙaramin batirin nan mai kama da kwabo ya fi su haɗari, domin in aka haɗiye shi yana iya ƙona maƙoshi cikin awa biyu. Asibiti ake nufa nan take. Leda da doguwar igiya ba kayan wasa ba ne. 'Yar tsanar gwanjo kuwa a wanke ta, ta bushe sarai a rana kafin a ba yaro, musamman mai asma, kuma kada a kwantar da jariri da ita a shimfiɗa ɗaya, don tana iya toshe masa numfashi.