Ellen Wilkinson, 'Yar Makarantar Ardwick

Ardwick wata unguwa ce a birnin Manchesta, cikin arewacin Ingila, kamar mil guda daga tsakiyar gari. Da can mazaunin attajirai ce, da manyan gidaje kewaye da wani fili mai ciyawa. Amma da masaƙu suka yawaita, kuma aka ratsa ta da hanyar jirgin ƙasa ta kamfanin Manchesta da Birmingham wajen 1840, sai masu hali suka tashi suka bar wa ma'aikata wurin. Gidaje suka cushe, hayaƙi ya rufe sama. Manchesta ɗin nan kuwa ita ce wadda daga baya ta riƙa sayen audugar Zariya da Funtuwa, ta saƙa, ta komo da ita yadi.

A gefen wannan unguwa aka haifi Ellen Wilkinson ran 8 ga watan Oktoba, 1891. Ubanta ya fara da aikin masaƙa, daga baya ya zama mai bi gida gida yana karɓar kuɗin inshora. Mutum ne mai riƙon addini, ɗan ɗariƙar Metodis, mai son karatu ko da ya ke shi bai sami na kirki ba. Yarinyar ta tashi da yawan ciwo, har ta yi shekara biyu ba ta zuwa makaranta, a gida ta iya karatu. Da ta kai shekara 11 ta ci jarrabawa, aka ɗauke ta kyauta a babbar makarantar elementare ta Ardwick. Daga nan ta shiga koyon aikin malanta, sa'an nan a cikin 1910 ta sake cin wata jarrabawa wadda ta kai ta Jami'ar Manchesta, ta karanta tarihi, ta fita a 1913. A zamanin nan 'yar talaka ta shiga jami'a abin faɗi ne ƙwarai. Duk matakin da ta taka, jarrabawa ce ta ɗora ta. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan, don zai sake tasowa a ƙarshen labarin.

Gajeruwa ce, ba ta kai ƙafa biyar ba, gashinta ja wur. Saboda gashin, da kuma zafin ra'ayinta, gama ja ita ce alamar 'yan gurguzu, sai mutane suka laƙaba mata suna Jar Ellen. Tana da shekara 16 ta shiga siyasar ma'aikata. Bayan jami'a ta yi wa ƙungiyar mata masu neman ƙuri'a aiki, kana a 1915 ƙungiyar ma'aikatan kantunan gama-kai ta ɗauke ta don ta tattara mata. Ƙungiyar nan ita ce ta zama gatanta a siyasa har ƙarshen ranta. Tana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Kwaminis ta Biritaniya a 1920, amma ta fita a 1924 ta tsaya ga Jam'iyyar Leba.

Ƙasar Ingila ba a raba ta jiha jiha, kowace da majalisar dokokinta, kamar yadda aka yi a Nijeriya ba. Akwai majalisun garuruwa masu lura da hanyoyi da gidaje da makarantu, sa'an nan akwai Majalisar Wakilai a Landan wadda ke yi wa ƙasa duka doka. Ellen ta fara da ta gari, aka zaɓe ta majalisar Manchesta a watan Nuwamba, 1923. Bayan wata guda ta nemi kujerar Landan a wani gari kusa da gida, ta faɗi. Wani abin da zai ba Bahaushe mamaki shi ne, a can ba lalle ne wakili ya zama ɗan garin da ya ke wakilta ba. Idan reshen jam'iyya na wurin ya yarda da mutum, shi ke nan, ko bai taɓa kwana a garin ba. Ta haka ne a watan Oktoba, 1924, ta tsaya a gabashin Middlesbrough, garin maƙeran ƙarfe, nesa da Manchesta, ta ci da ratar ƙuri'a ƙasa da dubu.

Kujerun majalisar 615 ne a lokacin, mata huɗu kaɗai suka shiga, uku daga Jam'iyyar 'Yan Mazan Jiya, ita kaɗai daga Leba. Dokar zaɓe ta 1918 kuwa tana da wani abin dariya: mace mai shekara 21 tana iya tsayawa a zaɓe ta, amma ba ta da ikon jefa ƙuri'a sai ta kai 30. Ellen tana cikin waɗanda suka matsa har aka daidaita mata da maza a 1928. Kada a ga kamar Ingila ce kaɗai ta yi nawa. A Arewacin Nijeriya Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta sha ɗauri a kan irin wannan magana, matan Arewa kuwa ba su sami ƙuri'a ba sai 1976.

A zaɓen 1931 Leba ta sha kashi, Ellen ta rasa kujerarta. Ta koma aikin jarida da tafiye-tafiye, har ta je Indiya a 1932 ta ga Gandhi a kurkuku. A 1935 ta komo majalisa, wannan karo daga Jarrow, wani gari a bakin kogin Tyne. Abincin garin duka ya dogara ga ma'aikatar ƙera jiragen ruwa ta Palmer, ga shi an rufe ta a 1934, mafi yawan mazaje suna zaune ba aiki. Sai garin ya shirya takardar koke, mutum fiye da 11,000 suka sa hannu, aka sa ta cikin akwatin katako. Ran 5 ga Oktoba, 1936, maza 200 suka ɗauke ta suka kama hanyar Landan a ƙasa, tafiyar kusan mil 300, watau kamar mutum ya tashi daga Kano ya je Kaduna ya komo. Ellen ta taka tare da su a wurare da dama, ga ta da ciwon fuka. Suka isa ran 31 ga wata. Firayim Minista Baldwin ya ƙi ganinsu, majalisa ta karɓi takardar ta wuce ga wata magana, da suka koma gida kuma aka yanke musu kuɗin taimakon marasa aiki, wai ba a same su ba da aiki ya samu. A ranar dai ba su sami kome ba, amma hotunan tafiyar sun zauna a zukatan mutane, sun kuwa yi wa Leba amfani a zaɓen 1945.

Aikinta wanda ya fi taɓa gidajen talakawa ba shi da suna kamar tafiyar Jarrow. A unguwanni irin su Ardwick mutane su kan ɗauki gado ko keken ɗinki daga kanti, su riƙa biya kaɗan kaɗan kowane mako. Idan mai gida ya rasa aiki ya kasa biya, ko da saura kaɗan ya gama, sai mai kanti ya aiko a kwashe kayan, kuɗin da aka biya kuma ya tafi. Ellen ta kawo shirin doka da sunanta, ba na gwamnati ba, ta yi ta lallashin 'yan kasuwa da abokan hamayya har ya zama doka a 1938. Dokar ta ce dole a rubuta wa mai saye ainihin kuɗin kayan, kuma in ya biya sulusi ba mai ƙwace su sai da iznin alƙali. Wakili ɗaya, daga jam'iyyar da ba ta riƙe da mulki, ya fitar da doka, abu ne mai wuyar samuwa a majalisar nan.

Lokacin yaƙin Hitila ta zama ƙaramar minista cikin gwamnatin Churchill, tana lura da ramukan fakewa daga bom. Da Leba ta ci zaɓe a 1945, Attlee ya naɗa ta Ministar Ilmi, ita ce mace ta biyu da ta zauna a majalisar ministocin ƙasar. A watan Nuwamba na shekarar ta shugabanci taron Landan inda aka kafa UNESCO. Ta tarad da dokar ilmi ta 1944 wadda ta ce a ɗaga shekarun barin makaranta daga 14 zuwa 15, amma ba ɗakuna, ba malamai, ba kuɗi. Ta sa aka kakkafa azuzuwa na wucin gadi, aka riƙa horad da sojan da aka sallama su zama malamai cikin shekara guda. Daga 1946 kowane ɗan makaranta ya riƙa samun 'yar kwalbar madara kyauta, kamar cikin kofin shayi, kowace rana.

A nan ne wasu 'yan jam'iyyarta suka ga laifinta. Ta bar tsarin da ke tace yara da jarrabawa tun suna shekara 11, kaɗan su tafi makarantun da ke kai mutum jami'a, sauran su tafi waɗanda ba su kai ko'ina. Masu sukan suna da gaskiya, gama mafi yawan yaran Ardwick ba su cin jarrabawar nan. Amma da wuya wadda jarrabawa ta fitar daga Ardwick ta yarda a rushe tsanin da ta hau.

Da wasu ministoci suka nemi a ɗage ƙarin shekarar saboda ƙasa tana bukatar ma'aikata, ta ƙi, ta kuwa rinjaye su a watan Janairu, 1947. Hunturun shekarar ya yi tsanani, ciwon ƙirjinta ya tashi, magungunan da ta ke sha suka yi mata yawa. Ta rasu a Landan ran 6 ga Fabrairu, tana da shekara 55. Ran 1 ga Afrilu dokar ta fara aiki kamar yadda ta tsayar. Daga baya aka sa wa tsohuwar makarantarta ta Ardwick sunanta.