Rai Da Rai Ba Har Abada Ba Ne

Duk Bahaushen da ya faɗi gaisuwa a fadar Osana na Keana, sarkin Alago da ke kudu maso gabas da Lafiya, abin da zai fara cewa shi ne, "Ranka ya daɗe." Ba wanda zai ce masa ya dawwama, domin kowa ya san sarauta iyakarta ran mai riƙe da ita. Wannan iyaka kuwa ita ce ainihin ma'anar kalmar Ingilishi "lifetime", watau tsawon kwanan mutum daga haihuwa zuwa ranar da ya cika.

Hausa ba ta rasa yadda za ta faɗi wannan ba. In alƙali ya yanke wa mutum hukuncin zama kurkuku muddin ransa, sai mu ce ɗaurin rai da rai. In muna nufin lokacin da mutum ya yi a duniya, mu ce a zamaninsa. In batun injin ko batir ne, sai mu ce ƙarko. Shi kuwa wanda ya rasu, cewa muke yi kwanansa ya ƙare, domin Bahaushe da kwana yake ƙidaya rai.

To, inda gizo ke saƙa shi ne, waɗansu masu fassara kan mai da kalmar "har abada". Wannan ba ƙaramin kuskure ba ne, musamman a sha'anin mulki, don yana sa talaka ya ɗebe tsammanin canji. Tarihin Afirka ya ishe mu darasi. An naɗa Kamuzu Banda na Malawi shugaba na rai da rai a 1971, amma ya faɗi zaɓe a 1994. Bokassa ya ɗauki wannan laƙabi a 1972, Idi Amin na Yuganda kuma a 1976, duka biyun aka tumɓuke su a 1979. Habib Burgiba na Tunisiya ya samu nasa a 1975, aka sauke shi a 1987. Ko rai da ran ma ba wanda ya cika daga cikinsu, balle har abada.

Mutanen Keana suna da ma'auni a ƙofar gida. Tun kaka da kakanni mata ke tace ƙasar gishiri suna dafa ruwanta, fatake na zuwa saye. Osana nawa suka hau suka shuɗe, garin ya fita daga Jihar Filato ya shiga ta Nasarawa a 1996, gishirin yana nan. Amma shi ma ba wanda ya isa ya ce masa na har abada.

Saboda haka muna roƙon malamai da masu fassara a rediyo da jaridu su riƙa bambancewa. Abin da ya rataya ga ran ɗan Adam, a ce masa rai da rai. Har abada kuwa a bar wa Mai ita. Allah ya sa mu cika da kyau, amin.