Yadda aka riƙa tsayar da rusau don kifi ya wuce

A kogi ake ƙyanƙyashe kifin salmon, ya gangara teku ya girma, sannan ya hauro inda aka haife shi ya zuba ƙwai. A kogin Elwha na jihar Washinton a Amurka, kusan shekara ɗari aka yi wannan hanya tana toshe. Madatsu biyu ne suka toshe ta: an kammala madatsar Elwha a 1913, ta Glines Canyon mai tsayin mita 64 ta biyo baya a 1927, duk don samar da lantarki, kuma ba wadda aka yi wa matakalar kifi. Kogin ya haura kilomita 70, amma kifi ya cunkushe a kilomita 8 na kusa da teku. 'Yan ƙabilar Klallam, waɗanda kifin nan ne cimarsu tun kaka da kakanni, su suka ji a jikinsu.

Tun 1992 majalisar dokokin ƙasar ta amince a farfaɗo da kogin, amma sai Satumban 2011 aka fara rusau. Fasa kankare ba ya gagarar injiniya. Abin tsoron shi ne laka da yashi, tan miliyoyi, da suka taru a bayan madatsun. In aka sake su lokaci guda, sai su shaƙe kifin da ake son ceta, su kuma binne tsakuwar da yake zuba ƙwai a cikinta.

Nan ne masana kifi suka shigo. Su suka san watannin da kowane jinsi ke haurowa da lokacin da 'ya'yansa ke gangarawa. Sai aka riƙa sare madatsun kaɗan-kaɗan daga sama, in watan kifi ya kama a kashe injuna a jira. Ɗan kwangila ba ya son jira, kowa ya san wannan, amma aka jira ɗin. Duk wanda ya ga yadda madatsun Tiga da Challawa suka rage ambaliyar da masuntan Haɗeja da Nguru ke dogaro da ita, zai so a ce an saurari masana kifi kamar haka kafin a zuba siminti.

A Agustan 2014 aka tashi ragowar Glines Canyon da nakiya. Bayan nan ma masana suka lura manyan duwatsu sun tare wa kifi hanya a kwazazzabon da madatsar take a da, injiniyoyi suka koma suka farfasa su. A Oktoban 2023 Klallam suka sake kama salmon a Elwha, karo na farko tun bayan rusau.