Zafi da ƙura: Yadda masu bincike ke auna ƙwazon farantan sola a Nijar

A birnin Tahoua da garuruwan Adar irin su Keita da Tabalak, farantan wutar sola sun zama ruwan dare a kan shaguna, asibitoci da rijiyoyin burtsatse. Sai dai ƙarfin da aka rubuta a bayan faranti daban, abin da yake bayarwa a watan Afrilu daban. Wannan tazara ce masu bincike a jami'o'i ke aunawa.

A masana'anta ana gwada faranti ne a zafin digiri 25 da hasken wat 1,000 a kowace murabba'in mita. Galibin farantan silikon na rasa kusan kashi 0.4 cikin 100 na ƙarfinsu a duk ƙarin digiri ɗaya. Da bazara jikin faranti kan kai digiri 65, wato ya yi asarar kusan kashi 16 cikin 100 tun kafin a yi maganar ƙura.

Ita ma ƙurar an auna ɓarnarta a Nijar. Wani bincike da Abdou Latif Bonkaney da Saïdou Madougou da Rabani Adamou suka wallafa a 2017 ya kwatanta farantin da ake gogewa da wanda aka bari haka nan a birnin Yamai. Bayan kwana 23 a watan Yunin 2015, wutar da mai ƙurar ke samarwa a rana ta ragu da kashi 15.29 cikin 100. Binciken ya nuna cewa gajimare na rage wuta nan take, ƙura kuwa a hankali take cin nata.

A manyan tashoshi, ana girka na'urorin da ke rubuta yawan haske, zafi da wutar da ta fita, sannan a zuba alƙaluman a kwamfuta. Daga nan ake fitar da ma'aunin ƙwazo: wutar da tasha ta bayar idan aka kwatanta da wadda ya kamata ta bayar da hasken da ta samu. Manhajoji irin su PVsyst na yin hasashe, kuma idan hasashen ya saɓa da awon zahiri, injiniyoyi kan bincika wayoyi, na'urar juya wuta ko yawan wankin farantan.

Jihar Tahoua na da wurin da ya dace da irin wannan aiki, wato tashar Malbaza mai megawat 7 da aka ƙaddamar a watan Nuwamban 2018 da bashin bankin Exim na Indiya. Ita ce tashar sola ta farko da aka haɗa da layin Nigelec. Muhimmancin irinta ya fito fili a watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya, wadda a lokacin take bai wa Nijar kusan kashi 70 cikin 100 na wutarta, ta katse layi.

Wannan fanni ba baƙo ba ne a ƙasar. Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya jagoranci ofishin makamashin rana na ONERSOL tun daga 1969.

Ga manomin da ke ban-ruwa da famfon sola ko asibitin ƙauye da ke ajiye allurar riga-kafi a firiji, abin yi shi ne a sayi faranti da ya ɗara lissafin buƙata, a bar sarari a ƙarƙashinsa don iska ta ratsa, a kuma riƙa goge shi da sassafe, musamman lokacin hunturu.