HAWAN JINI: ICCE TUN YANA ƊANYE AKE TANƘWARA SHI

Duk wanda ya shiga kasuwar shanu ta Mubi zai ga samari majiya ƙarfi suna kokawa da bijimai, suna loda su a manyan motoci zuwa Kudu. In ka ce wa ɗayansu ya je a auna jininsa, dariya zai yi maka, ya ce ai hawan jini ciwon tsofaffi ne da masu kuɗi. To, jama'a, nan ne kuskuren yake, domin ciwon da ke kayar da magidanci yana ɗan shekara 50, sau da yawa tun yana ɗan 20 ya soma yi masa ɓarna.

Abin da ake nufi da hawan jini shi ne jini ya riƙa bugun bangon jijiyoyi da ƙarfi fiye da kima, watau awo ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, ya kuma zauna a haka. Mugun halinsa shi ne ba ya sallama. Mutum na cin tuwonsa, yana harkarsa, alhali kuwa jijiyoyinsa na ƙara tauri, zuciya na wahala, ƙoda na lalacewa. Ran nan sai a ji ya faɗi, ɓarin jiki ya shanye, a shiga cewa jifa ne ko iska. Daga nan sana'a ta tsaya, kuɗin makarantar yara su koma na magani.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2023 cewa masu wannan ciwo sun ninka, daga miliyan 650 a 1990 zuwa biliyan 1.3 a 2019, kuma kusan rabinsu ba su ma san suna da shi ba. A garin Bogalusa na Amurka kuwa, likitoci sun bi sawun yara tun daga shekarun 1970 har suka girma, suka tarar cewa yaron da jininsa ya fi na tsararsa hawa, galibi shi ne ke zama mai hawan jini in ya manyanta.

Babban abin da ke hannunmu shi ne gishiri. Hukumar ta ce kada babba ya kai giram 5 a yini, watau kamar ƙaramin cokalin shayi guda. Amma dubi tukunyarmu: ga gishiri, ga dunƙulen magi, ga kanwa, sannan da yamma a ci tsire da yajin da aka cika wa gishiri. Kanwa ma ba abin rainawa ba ce, gama sinadarin da ke sa gishiri hawar da jini yana cikinta. Tun a shekarun 1970 likitocin Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, suka danganta yawan shan kunun kanwa da wankan jego mai tsananin zafi da ciwon zuciyar da ke kama masu jego. Harshen yaro kuwa abin da aka saba masa da shi yake nema har tsufa, saboda haka gyaran daga madafa zai fara.

Ku ɗaliban Kwalejin Fasaha ta Tarayya da na Jami'ar Jihar Adamawa da ke Mubi, da ku 'yan kasuwa da masu tuƙa keke, ku rage taliyar leda da lemon kwalba, ku bar taba da shisha. Ku yawaita zogale, alayyafo, wake da 'ya'yan itace, a ɗanɗana miya da daddawa. A riƙa tafiya da sauri ko buga ƙwallo, aƙalla minti 150 a mako, kada ƙiba ta samu wurin zama.

Daga ƙarshe, awon jini ba ya cin minti biyar, kuma babu allura a ciki. Duk wanda ya kai shekara 18 ya je asibiti a auna shi, balle wanda iyayensa ke da ciwon, ko mace mai juna biyu. Wanda likita ya ɗora a kan magani kuma, kada ya daina don ya ji sauƙi. Rigakafi dai ya fi magani. Allah ya ba mu lafiya, amin.